Don Ba a Tsaga Kan Baba Ba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Baba? Ina Inna da yaranki? Ni lafiya lau. Rigar darmar da muke sawa don kariya a ɗakin hoto na asibiti ce dai ta fara cin bayana, amma ana sabawa. Na nemi hutu, sun ce sabon ma'aikaci sai ya cika wata shida.

Yaya, raina a ɓace yake. Inna ta ce Baba ya kwana huɗu bai sha magani ba, wai don Kawu ya shafa kan Baba bai ji ɗinki ba, ya ce, "Wane aiki aka yi? Leƙawa kawai suka yi!" Jijiyar jini ce fa ta kumbura a ƙwaƙwalwarsa. Ta cinya aka zura siririn bututu har can, aka girka 'yar ragar ƙarfe, kuma tana nan a ciki. Ƙwayoyin maganin nan biyu da aka ba shi su ke hana jini daskarewa a kanta. In ya daskare, ɓarin jiki na iya shanyewa. Na gani da idona a wurin aiki.

Na kira Baba, sai dariya ya yi, wai yaron da ya yi wa wanka ne zai koya masa shan magani. Ke yana jin nauyinki. Don Allah kina gama karantawa ki kai shi wajen likitansa. In an tambaya, kwana huɗu ne. Kada ki bari Baba ya ce biyu.

Allah ya ƙara masa sauƙi, ya saka miki da alheri.

Ƙaninki,
Auta