Ni Ke Rubutu, Su Ke Walda

Anti, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ina shekarar ƙarshe a sashen injiniyan jiragen ruwa. Tun muna ajin farko, duk aikin hannu da aka ba rukuninmu, sai mazan su ce ke kin fi mu lissafi, riƙe mana rahoto. Su yanka ƙarfe, su yi walda, ni ina gefe ina rubutawa. Har Sakatariya suke ce mini. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini daɗi, don ina tsoron tartsatsi, kuma maki ɗaya ake ba mu.

Bana aka ce kowa ya haɗa ƙaramin jirginsa na ƙarfe da hannunsa, a gwada a tankin ruwa. Zanena malaminmu har ɗaga shi ya yi ya nuna wa aji. Amma da na riƙe sandar walda, sai ta riƙa mannewa a jikin ƙarfen, gilashin fuska ya cika da gumi. Haka na lallaɓa na gama. Ranar gwajin farko jirgina ya zauna a kan ruwa daram, har na fara murmushi. Can sai ya soma karkata, a hankali ya nutse, kowa na kallo. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Dogo, shugaban rukuninmu na da, shi ya naɗe hannun riga ya tsamo mini shi.

Gwajin ƙarshe wata mai zuwa ne, wanda nasa ya nutse sai baɗi. Baba kuwa duk baƙon da ya zo sai ya ce masa ga mai ƙera jirgi. Wata ƙawata ta ce in kai wa mai waldar bakin titinmu ya liƙe mini, wa zai sani? Ni dai yanzu ko ƙofar ɗakin aikin ba na son gani. Anya ban ɓata shekaruna a banza ba?

Taki, Sakatariya

Ƙanwata, na ji zafin wasiƙarki. Abokanki ba su kyauta ba, sun tsare ki a bakin takarda don sauƙinsu. Ke ma kin karɓi kujerar da hannu biyu. To, ya wuce.

Shekarunki ba su ɓaci ba. Jirgin ya tsaya daidai kafin ruwa ya shige shi, wato lissafinki bai yi ƙarya ba. Ɗinkin ƙarfen ne ke yoyo, shi kuwa maimaici ke gyara shi.

Kada ki kai wa mai walda. Malamai sun san hannun ɗalibi, kuma ko kin tsira a tanki, tsoron nan zai bi ki har cikin ɗakin injin jirgi, inda babu bakin titi.

Gobe ki shiga ɗakin aiki. Ki shafa jiƙaƙƙen alli a bayan ɗinkin, ya bushe, ki shafa kananzir ta ciki. Inda allin ya yi duhu, nan ne ɓarakar. Ki wanke kananzir ɗin tas, ya bushe, kafin wuta ta matso. Ki roƙi mai kula da ɗakin ya ba ki guntayen ƙarfe ki riƙa koyo kullum, mummuna ko kyakkyawa. Ki gaya wa malaminki gaskiya. Dogo kuma ya tsaya kusa da ke yana gyara miki riƙo, amma kada ya karɓi sandar.

Ba zan yi miki alkawarin wata ɗaya zai isa ba. In ya kai ga baɗi, Baba zai jure, ke ma haka, kuma ki fita da hannun da ya iya aiki. Allah ya dafa miki, ya sa ki ga jirginki a saman ruwa.

Antinki