Muryar da Za Ta Tashe Shi

Litinin, 1 ga Satumba

An sa rana. Alhamis ta mako mai zuwa za a cire wa Yallaɓai, mijina, maɗaciya. Duwatsu ne suka cika ta, in ji likita, su ke sa shi murƙususu duk sanda ya ci abu mai maiƙo. Ni kuwa wata da watanni ina zargin girkina!

Da muka dawo ya zauna a bakin gado yana jujjuya filayarsa ta gyaran firji a hannu. Mutumin da ke ɗaga firji shi kaɗai ya ɗora a bayan mota. Na ɗauki littafina don in ba shi wuri, shafi ɗaya na yi ta maimaitawa.

Laraba, 3 ga Satumba

Ashe ba wuƙar yake tsoro ba. Farkawar.

Ya dawo daga shago cin abincin rana, bai ci ba, sai ya naɗe hannun riga ya nuna min tabon damtsensa. Tabon da tun aurenmu nake ƙirƙira wa labarai a raina: faɗa da ɓarayi, ceton yaro daga gobara. Ashe faɗuwa ce daga keke yana ɗan makaranta. An yi masa aiki lafiya, amma da maganin barcin ya fara sakinsa sai ya tashi kamar ba shi ba. Ya fizge robar ƙarin ruwa, ya mari wata nas, ɗinki ya farke, sai da aka danne shi aka mayar da shi ɗakin tiyata. Shi bai tuna komai ba, labari aka ba shi, kuma har yau yayyensa na tsokanarsa da shi.

"Wancan hannu ne, Malama. Wannan ciki ne. In na sake irin wancan haukan fa?"

Malama yake ce min saboda littattafai. Na lalubi irin maganar da jaruma ke faɗi a irin wannan wuri, ko ɗaya ba ta zo ba. Na ce masa abincinsa zai huce.

Alhamis, 4 ga Satumba

Mun ga likitan barci, wanda ke sa mutum barci kafin tiyata. Dattijo ne mai sanƙo, yana magana a hankali kamar shi ma maganin nasa ya ɗan taɓa shi. Ya saurari labarin keke har ƙarshe bai yi dariya ba. Ya ce yana faruwa, wasu kan farka a ruɗe, magunguna sun canja tun wancan lokaci, kuma za su zauna cikin shiri.

Sai ya ce akwai wani gwaji da suke yi, in muna so. Idan an gama aiki an tsayar da maganin, sai a sa wa mutum abin sauraro a kunne, murya tana kiran sunansa. Rabin mutane muryar nasu za su ji, mata ko uwa ko miji. Rabi kuma muryar baƙuwa. Ana so a ga su wa suka fi farkawa cikin natsuwa. Ya ce an gwada wa yara da muryar iyaye mata a wasu wurare, an ga alamar amfani, amma ga manya ba a tabbatar ba.

Na ce, "Ai wannan ba sai an gwada ba, likita. Kowa ya san muryar masoyi..." Yallaɓai ya take min ƙafa.

"Abubuwa da yawa kowa ya sani, 'yata, da aka gwada sai aka ga ba haka ba ne. Shekara da shekaru muna hana mutane ko kurɓar ruwa tun daren jajibirin aiki. Da aka gwada, sai aka ga in ruwa ne zalla, a sha har saura awa biyu babu laifi. Ƙishirwar banza muka yi ta ba bayin Allah."

Abin da ya tsaya min: kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a. Zan ba da muryata, amma ba lallai ita za a sa masa ba, kuma ba wanda zai gaya min. Shi kansa likitan ba zai sani ba, nas ɗin da za ta duba farkawarsa ma haka. Na ce don me?

"Don in na san muryarki ce, ko tsalle ya yi daga gado zan rubuta cewa miƙa yake yi."

Yallaɓai ya sa hannu. Wai in bai amfane shi ba ya amfani wani.

Asabar, 6 ga Satumba

Na rubuta abin da zan faɗa masa a kunne. Shafi biyu. Akwai taurari a ciki, akwai teku. Na karanta wa madubi har na yi ƙwalla.

Litinin, 8 ga Satumba

Wayyo kunya.

Ɗakin ɗaukar muryar ɗan ƙarami ne, da ka gani sito ne aka kwashe, sun liƙa soso a bango, ga kwalayen safar hannu a kusurwa. Sista mai kula da gwajin ta karɓi takardata ta karanta har ƙarshe, Allah Ya saka mata, ba ta ko murmusa ba. Ta ce ta yi daɗi ƙwarai, in ajiye masa sai ya dawo gida. A nan kowa magana iri ɗaya yake faɗi, in ba haka ba ba za a san murya ce ta yi aiki ko kalmomi ba.

Ga maganar gaba ɗayanta: sunansa, sannan, "An gama aiki. Komai lafiya. Yi numfashi a hankali. Buɗe idonka."

Sunansa! Na ce ko zan iya cewa Yallaɓai? Ta ce a'a, sunan da kunnensa ya fi daɗewa da sani. Ni ban taɓa faɗinsa a gabansa ba. Na kira shi hasken idona, na kira shi sarkin zuciyata (ya ce shi firji yake gyarawa), amma sunan nan ɗan guntu ban taɓa ba.

Na farko na yi shi da shagwaɓa. Na biyu da rawar murya, irin ta jarumar da ke bakin gadon asibiti. Sista ta cire abin kunnenta ta ce, "Ƙanwata, ba wasan rediyo ba ne. Yadda kike tashinsa da safe kawai."

Ban taɓa tashinsa ba. Ni ce ke kwana karatu, shi ke taɓa min ƙafa da safe ya ce shayi na kan tebur.

Na rufe ido na faɗa haka nan, ba ado. Ta ce ya yi. Ni dai a kunnena kamar mai kiran ɗan makaranta.

Talata, 9 ga Satumba

Na tambayi Sista a waya wace ce baƙuwar. Wai mata ne masu sa kai, ba ɗaya ba ce. Tun safe nake ganinta a raina: doguwa, zara-zaran gashin ido, murya kamar sarewa, tana kiran sunan mijina a kunnensa.

Laraba, 10 ga Satumba

Inna, mahaifiyarsa, ta zo za ta kwana. Da ta ji an ce ɗanta zai iya shan ruwa gobe da sassafe sai ta ɗauke kofunan ɗakinmu ta kai kicin.

"Lokacin da aka yi wa babansa aiki ko yawu ba a bari ya haɗiya ba. Likitocin yanzu gaggawa ce da su."

Na ce an gwada ne, Inna, a kan mutane masu yawa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "A wane littafin naki kika gani?" Shi kuma yana gefe yana dariya yana riƙe ciki. Dariyarsa ta farko ke nan a makon nan, don haka na bar mata nasara. Kofi ɗaya dai na ɓoye a bayan labule.

Alhamis, 11 ga Satumba

Alhamdu lillahi.

Sun tura shi a gado da rigar nan mai buɗaɗɗen baya da hular leda. A bakin ƙofa ya ce min, "In na mari wani ki ba shi haƙuri." Na ce to. Duk abin da na tanada, to kawai na ce.

Benci mai sanyi, agogon bango, Inna da carbinta. Na zo da littafi ban buɗe ba. Duk sanda ƙofa ta motsa sai in ji ko ihunsa ne zai fito. Ba taurari nake tunawa ba, cikinsa nake tunawa, da zaren ɗinki.

Sista ce ta fito. Ta ce ya farka. Ya ɗan ɗaga hannu zai taɓa fuskarsa, nas ta riƙe, ya bari. Hawaye sun zubo masa, ya buɗe ido. Shi ke nan. Ɗinki na nan lafiya.

Na zauna a ƙasa, ban san na zauna ba.

A littafi jarumi kan farka fuskarsa fes, ya kira sunanta. Nawa leɓensa a bushe, miyau ya bushe a gefen baki, yana warin magani. Na sunkuya in ji kalmarsa ta farko. Ya ce, "Firizar mai kifi... a ce masa gas ne, kada ya sayi sabuwa."

Inna ta ce, "Ɗana ne, ya dawo."

Juma'a, 12 ga Satumba

Na yi haƙuri har rana, sannan na tambaya. Me ka ji?

"Wani ya ce in buɗe ido, na buɗe."

"Wani ko wata?"

"Wata, ina jin."

"Muryarta siririya ce ko..."

"Malama, don Allah. Cikina a yanke yake, kada ki sa ni dariya."

Bai tuna ba. Wallahi bai tuna ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na tare likitan barci a baranda kafin a sallame mu. Na ce tunda ya farka lafiya, ai tawa ce, ko? Ya ce yana iya zama tawa, yana iya zama ta baƙuwa, yana iya zama ba ruwan murya sam, maganin yanzu ne ko girman da ya yi. Mutum ɗaya ba ya ba da amsa, sai an tara ɗaruruwa an kwatanta, kuma da sauran lokaci mai tsawo.

Na ce, "To ko da tawa ce, ba lallai ita ta yi aikin ba?"

"Ba lallai ba." Ya ga fuskata, ya ƙara da cewa, "Amma ya farka, 'yata."

Na sani. Na gode wa Allah. Sai dai na yi kuka a banɗakin asibiti, kaɗan.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ba ya iya tashi zaune sai na sa hannu a bayan wuyansa ya rungumi filo. Ni ke tashinsa shan magani. Ashe idan zai farka girarsa ta hagu ke fara motsi. Ashe yana jin kunyar in ga cikinsa da filasta, sai ya riƙa ba ni labarin kwampresar firji don kada mu haɗa ido.

Na ƙona miya sau biyu. Ya ce da ma likita ya hana shi maiƙo, ban da gawayi.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na ga takardar nan mai shafi biyu a jakata. Ban ba shi ba. Teku dai!

Alhamis, 2 ga Oktoba

Mun koma a duba shi. Komai ya warke, sai ƙananan tabo, su kam na san labarinsu. Sista ta yi masa tambayoyinta na gwaji, barci, mafarki, tashin zuciya, sannan ta juyo gare ni. Wai ɗaya daga cikin masu sa kai ta ƙaura, suna neman wata. Muryata a fili take. Ko zan riƙa zuwa wani lokaci ina kiran sunayen da za a ba ni?

Ni? In zama baƙuwar? Na ce zan yi shawara, cikin muryar da ke nufin a'a.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na gaya masa, ina jira ya ce bai yarda matarsa ta kira sunan wani ƙato ba. Ko ɗan kishin nan na littafi. Yana ɗaure takalmi, yau ya fara leƙa shago, bai ko ɗago ba.

"Ki je mana. Inda maganin barcin nan ke kai mutum duhu ne, Malama. Kowa aka samu ya kira mutum, alheri ne."

Bai taɓa cewa duhu ne ba sai yau.

Talata, 7 ga Oktoba

Na je. Don kada Sista ta ce na raina ta ne kawai.

Sito ɗin dai, da sosonsa. Ta ba ni suna ɗaya, na namiji, irin sunan mutanen da, ina jin tsoho ne. Ba a gaya min komai a kansa ba, ni ma ba za a gaya masa komai a kaina ba. Na faɗa. Ta ce ya yi, in tashi.

Ban tashi ba. Na tuna a kan hanyata ta shigowa na wuce benci, akwai wata dattijuwa zaune da jaka a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu, tana kallon ƙofa. Wataƙila ba matarsa ba ce. Amma yana da wata, a wani wuri, wadda ita ma ta shigo ɗakin nan ta faɗi sunan, ta koma gida tana addu'a tata muryar za a sa. In ƙuri'a ba ta faɗa kanta ba, ni ce.

Na ce wa Sista a sake. Ta ce na farkon ba shi da laifi. Na ce na sani, a dai sake.

Na kira shi a hankali, yadda ba zai firgita ba. Na bar ɗan fili bayan sunan, ya samu ya juyo.

Na daɗe a titi ban tari mota ba. Da na fito daga gida na yi niyyar in lallaɓi Sista ko za ta ɗan yi min alama a kan muryar da aka sa wa Yallaɓai, ko da ido ne. Ban tambaya ba. Mantawa na yi, ina jin.

Ko wace ce dai ta tashi mijina, Allah Ya sa ta kira shi a hankali.