Ku Maido Mini Tsokar Huhun Malam Isiyaka

Zuwa ga Madam shugabar masu binciken numfashin tsofaffi, a Pari, babban birnin Faransa.

Balkisa matar ɗana ce ke rubuta wannan, ni ban yi lakkol ba, ban taɓa shiga ajin boko ba. Na ce mata kar ta gyara mini magana ko ɗaya. Sunana Hajiya Mariama, ina zaune a Vénissieux, kusa da birnin Lyon. Ina gaishe ki, ya aiki, ya iyali? To, gaisuwa ta ƙare.

Takardarki ta zo, wai me ya sa matan unguwarmu suka daina zuwa awo. Ni na hana su. Buɗe kunnenki.

Na ɗaya. Shekara tara ni da mijina Malam Isiyaka muna zuwa muku. Shi a masana'antar Saint-Fons ƙarfinsa ya ƙare. Ku ɗebi jini, ku sa mu hura cikin bututu har ido ya yi jajir, mu koma gida da jiri. Ni na bi ƙofa ƙofa na jawo muku mata, ina ce musu don jikokinmu ne. Ko sau ɗaya ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da aka gani.

Na biyu. Da ciwo ya kayar da shi aka yi masa aiki a Lyon, kuka yanki tsoka a huhunsa kuka aika Pari. Wai ya sa hannu. Mutumin da bai san baƙin boko ba, kuma yana shure-shure da numfashi! Ya rasu, aka yi masa wanka, aka kai shi. Sai bayan sadakar arba'in na ji. Ashe ba duka muka binne shi ba, saura na kwance cikin firigonku, akwatin sanyin nan naku.

Na uku, wannan ya fi cin raina. Ina takaba, wata huɗu da kwana goma ba na fita sai dole. Kuka aiko mini wani ƙato har ƙofa, ya miƙo mini hannu, ya ce in fito in sha iska, zaman ɗaki ba kyau. Da na rufe masa ƙofa kuka rubuta wai na gudu daga bincikenku. Bayan nan takardar randebu, ta sa ranar awo, ta zo da sunan Isiyaka, wai ya zo ya hura. Daga kabari zai hura muku?

Ranar na ɗauko bututun hurawa da kuka ba Isiyaka ya ajiye a gida, na jefa cikin turmi, na daka shi har ya yi kaca-kaca. Da ƙaton naku na tsaye, wallahi da taɓaryar a kansa za ta sauka.

Ga abin da nake so. Ki maido mini tsokar cikin farin ƙyalle mu kai ta inda sauran yake. Ki zo da ƙafarki, ki cire takalmi, ki yi mini ta'aziyya, ki gaya wa mata abin da jininsu ya nuna da bakin da suke ji. Kafin nan ko ɗigo ba za ku ƙara samu ba. In kin yi shiru, jirgi zan hau in zo in zauna a ƙofar ofishinki da guntun likkafani a hannu.

Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai. Ranar da taki ta zo, Allah ya sa a binne ki cikakkiya.

Balkisa, ya isa haka, na gaji, ƙirjina ya riƙe. Sa musu Wassalam.

Ni Balkisa na ƙara wannan: a nan Inna Mariama ta juya fuska bango.