Keken da Bayana Ya Zaɓa

Libreville, Gabon

Yaya Nazira,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau, sai gajiya. Keken da nake kai wa masu kanti kaya da shi a unguwar Okala ya karye, ya kayar da ni kan tsakuwa. Abin da sauƙi, bayana ne kawai yake hana ni cika ruku'u.

Jiya na je wajen Ahmadou mai sayar da kekuna, ya nuna mini biyu masu faɗin taya, irin na hanyar burji. Ɗaya na alminiyam ne marar nauyi, giya da birki sababbi, amma sai na sunkuya sosai nake kamo kansa. Ɗayan na ƙarfe ne, ya sha jiki, ga nauyi, amma da na hau ban ji zafi ba.

Ahmadou ya ce, "Sabitu, idonka na son wancan, bayanka na son wannan. Wa zai yi aikin?"

Na ɗauki na ƙarfen. Gobe zan koma aiki, in Allah ya yarda.

Ki ce wa Inna na yi keke, ta sa albarka. Zancen ciwon bayan nan ya tsaya tsakaninmu.

Ƙaninki,
Sabitu