Ƙunshin kabewar Mama

Alhamis, 12 ga Oktoba

Mun iso Mantova da tsakar rana. Tun daga Torino Fulvio ke tuƙi yana ba ni tarihin sarakunan garin, kai ka ce shi ya yanke musu cibiya. Shekara talatin da huɗu ina aurensa, ban taɓa ganin ya wuce tsohon bango bai tsaya karanta abin da ke jiki ba.

Ni ban so zuwa ba. Mako uku ke nan Mama, a gidan kula da tsofaffi, ba ta cin komai sai cokali biyu na romo. Likita ya ce idan wata ya ƙare a haka za a sa mata roba ta hanci. Ita kuwa tun tana cikin hayyacinta ta ce kada wanda ya kuskura ya yi mata haka. Ƙanena Ermanno ya ce in tafi kwana huɗun nan, zai zauna da ita. "Dama ko kina nan, Yaya, faɗa kuke yi." Bai yi ƙarya ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Wuyana ya ƙage. Da safe Fulvio ya ja ni wani ɗaki a wata tsohuwar fada inda aka zana ƙattai duwatsu na rufto musu, muka yi minti arba'in muna kallon rufi.

Da rana na sa aka kawo mini tortelli, ƙunshin kabewa a cikin kwaɓin fulawa. In zan faɗi gaskiya, abincin nan ne ya kawo ni garin. A nan aka haifi Mama, haka takardunta suka ce, kuma duk Lahadin kaka shi take yi mana. Ban koya a wurinta ba. Da na kuskure naɗi sai ta make mini hannu, ina shekara goma sha biyar na jefar da kwaɓin na fita, ban sake shiga mata kicin ba. A watan nan sau uku ina yi mata daga littafin girkin Mantova, sau uku tana tofarwa. Na zaci hannuna ne bai iya ba.

Na yau ɗanɗanonsa ɗaya da nawa sak. Zaƙin biskit, 'ya'yan itace da aka jiƙa da yaji, man shanu. Ashe na iya. Ita ce dai ta daina ci, shi ke nan. Ban ƙarasa farantin ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ruwan sama tun safe. Mun fake a wani shagon taliya bayan kasuwa. Mai shagon, wata dattijuwa Dirce, tana murza kwaɓi da sanda mai tsawon hannuna. Ban san me ya sa na ba ta labarin Mama ba. Ni da ko maƙwabtana ban gaya wa ba.

Ta ce, "Da me take zuba muku a kai?"

Na ce miyar niƙaƙƙen nama.

Sai ta ajiye sandar. "Nama a kan kabewa? A garin nan? Baiwar Allah, kakata da ta ji wannan sai ta kore ki da tsintsiya." Ta tambayi siffarsa. Na ce ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar nasu, tsaye yake kamar malafar manomi.

"Mutanen Ferrara ke nan. Ba su sa biskit, ba su sa komai, kabewa da cuku kawai, sannan su nutsar da shi a miya don su ɓoye kunyarsu. Uwarki ba tamu ba ce."

Na ce a nan aka haife ta, ina da takarda. Ta ce takarda ba ta girki.

Raina ya ɓaci, na fita cikin ruwan na kira Ermanno. Ko mamaki bai yi ba. Wai tana shekara huɗu babanta ya rasu, aka kai ta riƙo wurin gwaggonta a Ferrara, can ta zauna har ta yi aure. "Ba ki sani ba? Ai ta sha faɗa." Na ce ba ta taɓa faɗa mini ba. Ya ce, "Yaushe kika zauna?"

Na kashe wayar. Abin ya yi mini zafi, har yanzu yana yi.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Fulvio ya riga ya yanki tikitin babbar fada, wadda ya yi wata biyu yana zancenta. Da safe na ga ya ɗauki makullin mota. Ya ce, "Tashi, sarauniyar gardama. Ferrara ma suna da ganuwa." Ban yi masa godiya ba. Zan yi.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa Ferrara. Shi ya zagaya fadarsu mai ruwa kewaye, ni na zauna a wani ɗan gidan abinci ina jira a buɗe.

Aka kawo mini ƙunshin kabewarsu, loma ɗaya na yi na ajiye cokali. Shi ne, na Mama. Gyaɗar ƙamshi, cuku, miyar nama har tana taruwa a gindin faranti. Shekara arba'in ina cewa Mama ba ta iya girkin garinsu ba, ta lalata shi da miya. Har a gaban baƙi na taɓa faɗa.

Mai girkin ya nuna mini naɗin a kan yatsansa sau biyu, yana sauri. Ya tambayi inda muka kwana, na ce Mantova. Ya ce, "Allah sarki, sun ba ku alewa a matsayin abinci."

Litinin, 16 ga Oktoba

Gida. Kabewa biyu a bayan mota. Ermanno ya ce jiya ko romon ba ta sha ba.

Laraba, 18 ga Oktoba

An ba ni ƙaramin kicin ɗin da ke gidan tsofaffin na awa biyu. Na tafi da miyar a dafe, kwaɓin kuma a can na murza. Ermanno ya turo Mama a kekenta ya ajiye ta bakin tebur, ya fita.

Ba ta san ni ba. Tun bazara ba ta kira sunana ba, yau ma "ke" ta ce.

Ta ci biyar. Na ƙirga. Na shida ta riƙe a baki ta daɗe, sannan ta haɗiye. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta a takardarta, ta ce likita zai gani gobe, kada in sa rai da yawa. To.

Sauran kwaɓin na ci gaba da naɗewa don a ajiye mata na gobe. Tana ta kallon yatsuna. Can sai ta miƙo hannu, wannan hannun da ko kofi ba ya iya riƙewa, ta make ni.

"Ba haka ba. Wa ya koya miki?"

Na ce babu kowa.

Ta ja tsaki, ta kama yatsana ta naɗa kwaɓin a kai, ta matse bakin. Nata ya tsaya cak, nawa duk sun kwanta. Na sake gwadawa, ta sake make ni. Sau huɗu.

Awa biyun sun wuce, mai shara ta leƙo ta koma. Bayan hannuna har yanzu ja ne. Na ce wa Fulvio ya sayo wata fulawar, ta gidan ba za ta kai Lahadi ba.