Yadda Wana Ari Ya Mutu a Rumfar Masu Tari

Zuwa ga Mushe Lokotoro, likitan barikin Damagaram,

Gaisuwa da ban girma. Ni ne Mamman, baduku a Zango. Ina so a karanta maka wannan takarda, a kuma karanta ta a kasuwa.

Na farko, wana Ari ya yi damina biyu da tarin fuka, amma yana jimar fata, yana ci da iyalinsa. Da annobar murar nan ta shigo, cikin kwana shida ya binne matarsa da 'ya'yansa biyu. Daga nan ya daina magana da masu rai. Sai ya zuba fura a ƙwarya uku, ya zauna yana kiran sunayensu.

Na biyu, gardi, dogaran bariki, suka kwashe masu tari zuwa rumfar bayan ganuwa, da shi a ciki. Da ya fara ihu, ma'aikacinka ya ce aikinsa ƙirji ne, ba taɓin hankali ba, a kai shi gidan kaso. Masu gidan kaso suka ga jini a bakinsa, suka mayar da shi. Sai aka ɗaure shi a turu a gefen rumfa, ana ajiye masa magani daga nesa kamar mai ba kare.

Ranka ya daɗe, Ari ba ya karɓar komai sai daga hannuna. Sau huɗu na zo ƙofarka ina roƙon a bar ni in zauna kusa da shi, ko murar ta kama ni na yarda. Tafintanka ya ce kana hutawa. Ran kwana na tara aka kira ni in ɗauki gawa. Na iske maganinku a jere, bai taɓa ko ɗaya ba, turu ya ci ƙafarsa har ƙashi.

Ba na neman diyya. Ina roƙon a bar ɗan'uwa ɗaya ya zauna da kowane majinyaci, a bar liman ya shiga, kuma mai duba tari ya tambayi mutum abin da ya rasa. Yanzu haka akwai wata mata 'yar garin Dogo a rumfar, ta kwana uku tana goyon zane a madadin jaririnta da ya rasu. Uwarta na bakin ganuwa tun jiya.

Allah ya ba ka lafiya. Ranar da za ka kwanta ciwo nesa da ƙasarku, Allah ya sa a bar wani naka ya riƙe maka ƙwarya.

Wassalam.
Mamman Baduku, Zango