Waƙar Matata A Cikin Akwatin Bature

Assalamu alaikum Malam, da ku jama'ar unguwar Barokinya da ake karanta wa takardu bayan sallar Juma'a. A rufe sunana, kada kuma ku tsaya waige-waige kuna cankar ko wane ne. Karatuna bai yi nisa ba, rubutun a karkace yake, ku yi haƙuri da shi. Ku ji ni tukuna kafin ku zage ni.

Ni ɗan dako ne, daga bakin jirgi nake hawa da kaya zuwa birnin sama, na kuma fanshi kaina daga bauta tuntuni. Da annoba ta ɗauke maiɗakina sai na rufe ƙofa na kwanta. Ba ciwo, ba kuka, tashin ne kawai ban ga amfaninsa ba. Akwai wani gurmi da na haɗa da ƙwarya, shi nake taɓawa a hankali, har waƙa ta fito. Farkonta ƙasa-ƙasa kamar nishi. Tsakiyarta tsirkiya ɗaya ce ke kira ba mai amsawa. Ƙarshenta ne ke ɗagawa, shi ma bai zo ba sai da wani abokin dakona, bari in kira shi Tanko, ya riƙa kawo mini wake yana zagina. "Tashi, tsohon banza, ko gawa tana juyi." Ya ja ni bakin teku da ƙarfi, na ga rana, na dawo na ƙarasa waƙar. Shi kaɗai na kaɗa wa ita. Na ce, "Tanko, wannan tata ce, ba ta kasuwa ba." Ya ce, "Yaya, kunnena kabari ne."

Tanko har yanzu bawa ne. Ubangidansa Bature yana da akwatin kiɗa, irin wanda ake juya wa hannu ya yi ta busa da kansa. A cikinsa akwai gungumen itace da aka kafa wa ƙananan ƙusoshi, su ke riƙe da waƙa. Rannan ina wucewa ta filin gidan wasa da buhun sukari a ka, sai na ji waƙar matata. An hanzarta ta, an yanke farkon, an yanke tsakiyar, ƙarshen kawai ke ta maimaituwa, mashaya suna rawa, biri da jar hula yana tsalle a kai. Wa ke juya hannun? Tanko, cikin sabuwar riga. Ya rera wa Baturen, an kafa ta da ƙusa, shi kuma an sauke masa dako. Na ce, "Kabarin ke nan?" Ya ce, "Yaya, wuyana ya gaji. Kai ka fita, ni fa? Waƙa ce kawai." Waƙa ce kawai? Ya san daga ramin da na tono ta.

Kun san ƙa'idarmu ta dako: wanda kaya ya sauka daga kansa a bakin ƙofa, shi ke da alhakinsa, ko hannu nawa ya ratsa. Makon jiya aka kai akwatin gyara birnin ƙasa, da za a dawo da shi Tanko ya roƙe ni in kama masa hawan tudu. Na ce to. Na ɗauki rabin farko. Da ya tsaya shan ruwa na buɗe bayan akwatin, na zare gungumen na tura cikin buhuna, na sa dutse a gurbinsa don nauyi ya daidaita. Sannan na aza masa a ka da hannuna. Har godiya ya yi mini.

Da aka ga ba gungumen, an yi wa Tanko bulala. Na ji labari, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, abinci ya yi mini daɗi ranar. Ina jin kunyar faɗar haka, amma shi ya ji kunya da biri ke rawa a kan matata? Yanzu Baturen ya rantse in gungumen bai fito ba kafin jirgin kudu ya tashi, zai sayar da shi gonakin gahawa. Mun san masu zuwa can, wa ya taɓa dawowa? Abin da ya fi ci mini rai, Tanko ya san ni ne. Sun tambaye shi wa ya kama masa kayan, ya ce shi kaɗai ya hau da shi. Jiya muka haɗu a bakin rijiya, ba ya iya miƙewa sosai, ya ce, "Yaya, ka ci abinci kuwa?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. So yake ya fi ni ko a nan ma?

Gungumen yana ƙarƙashin tabarmata. In na mayar, waƙar ta koma bakin mashaya, ni kuma ɓarawo, ƙila su tasa ƙeyata zuwa wani jirgin. In na jefa shi a murhu, ta dawo tawa ni kaɗai, Tanko ya tafi kudu. Zuciyata murhun take so, ban ɓoye muku ba, har itacen na tara. Jirgin kuwa an fara yi masa lodi, da kaina na kai buhu cikinsa yau.

Me zan yi?